Kuɗin haya a Samarun Zariya: Yadda ƙarancin gado a jami'a ke yanka wa gari farashi

Duk lokacin da Jami'ar Ahmadu Bello ta buɗe rajistar sabuwar shekarar karatu, kasuwa biyu ce ke ci a Samaru. Ta farko a intanet take ci, inda dubban ɗalibai ke rige-rigen kama gado a ɗakunan kwanan jami'a, kuma ba ta jimawa take tashi. Ta biyu tana ci ne a tsallaken titin Sakkwato, cikin lungunan Samaru da Hayin Dogo da Danraka, har zuwa Zango da Palladan da Bomo. A nan waɗanda suka rasa gado ke bin dillalai gida-gida, suna leƙa ɗakuna, suna tambayar ko akwai ruwa, ko wuta na samuwa, kafin a faɗa masu kuɗin shekara. Wannan kasuwa ba ta tashi sai ɗaki ya ƙare, kuma farashin da aka yanka a cikinta ba ɗalibi kaɗai yake hawa ba. Malamin firamare da ke neman ciki da falo, da saurayin da aka sa wa ranar aure, da ma'aikaciyar jinya da aka yi wa canjin wurin aiki zuwa asibitin koyarwa na Shika, duk shi za su biya.

An saba ɗora laifin tsadar haya a kan masu gidaje da dillalai, kuma ba za a wanke su tas ba. Sai dai son riba ba a Samaru aka fara shi ba, kowane gari yana da masu gidaje da dillalansa. Abin da ya bambanta garin jami'a lissafi ne guda: yawan ɗaliban da za a ɗauka hukuma ce ke yanke shi, amma inda za su kwana an bar wa gari ya ji da shi.

Daga ɗalibai 426

Lokacin da jami'ar ta buɗe a ranar 4 ga Oktoba, 1962, ɗalibai 426 ne gare ta. An tsara ta, kamar sauran jami'o'in wancan zamani, a matsayin wurin da ɗalibi zai kwana, ya ci, ya yi karatu ba tare da ya fita ƙofa ba. Yau ɗalibanta sun kai dubun-dubata. Ɗakunan kwanan da aka fi sani, irin su Amina da Ribadu da Suleiman da Akenzua da Danfodio da Alexander, tsofaffin gine-gine ne da aka yi don wani adadi da aka wuce tun tuni.

Kuma jami'ar ba ita kaɗai ke jawo ɗalibai Zariya ba. Akwai harabarta ta Kongo, da tsohuwar Kwalejin Ilimi ta Tarayya da aka ɗaga darajarta zuwa jami'a, da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Nuhu Bamalli, da Kwalejin Horar da Matuƙa Jiragen Sama da aka kafa a 1964, da Cibiyar Fasahar Sufuri, ga barikin soja, ga cibiyoyin bincike. Kowacce tana kawo baƙi masu buƙatar ɗaki na 'yan shekaru, kuma babu wadda ke da makwanci ga dukkan mutanenta.

Matsalar ta ƙasa ce baki ɗaya. Kwamitin da gwamnatin tarayya ta kafa don tantance buƙatun jami'o'in gwamnati, ƙarƙashin Farfesa Mahmood Yakubu, ya miƙa rahotonsa a 2012, kuma ya gano cewa gadajen da ke akwai ba su wuce na kusan ɗalibi ɗaya cikin goma ba. Sauran tara suna cikin gari, ko suna raɓe a ɗakunan abokansu.

Yadda aka zo nan yana da tarihi, kuma wani ɓangarensa a Samaru aka rubuta shi da jini. A watan Afrilun 1978, gwamnatin soja ta Janar Olusegun Obasanjo ta ƙara wa ɗalibai kuɗin abinci da makwanci. Ƙarin kwabo 50 a kuɗin abincin yini ya haddasa zanga-zangar da ɗalibai suka nemi a tsige kwamishinan ilimi na tarayya, Kanar Ahmadu Ali, kuma an kashe ɗalibai a Legas da Zariya. Darasin da gwamnatocin baya suka ɗauka shi ne cewa taɓa kuɗin gado wasa da wuta ne. Shi ya sa kuɗin gado na hukuma a jami'o'in tarayya ya tsaya a naira 90 tsawon shekaru masu yawa, sai dai a lulluɓe ƙari da sunan kuɗin gyara. To amma gadon da ba ya iya biyan kuɗin gyaran famfonsa ba zai haifi wani gadon ba. Aka bar farashin a ƙasa, aka kuma rage gini. Da Obasanjo ya dawo a matsayin farar hula, manufar gwamnatinsa a farkon shekarun 2000 ita ce jami'o'i su janye daga harkar ɗakunan kwana, su bar wa 'yan kasuwa. 'Yan kasuwar ba su zo da yawan da aka yi tsammani ba.

Sakamakon haka, gadon jami'a ya zama kaya mai araha da ba ya samuwa. Duk inda aka sami irin wannan kaya, bayan fage ne ke yanka masa farashi na gaskiya: wanda ya dace da gado yakan sayar wa wani da ninkin abin da ya biya, duk da cewa dokar jami'a ta hana, sannan ɗakin da aka yi wa mutum huɗu ya koma ɗaukar takwas ko fiye.

Ƙari mafi girma da aka gani a 'yan shekarun nan kyauta ce. A 2019 aka buɗe rukunin ɗakunan kwana da Gidauniyar Aliko Dangote ta gina wa jami'ar: gini 10, ɗaki 360, gado 2,160, a kan kuɗin da aka bayyana da naira biliyan 1.2. Idan aka raba, kowane gado ya tashi a kan kusan naira 555,000, a lokacin da buhun siminti yake wajen naira 2,500. Wannan adadi yana da amfani, domin shi ne ma'aunin da ke nuna nawa gwamnati ke tsimi a duk lokacin da ta ɗauki ɗalibi ba ta tanadar masa gado ba, da kuma nawa ta tura wa iyaye da mutanen gari su biya.

Aljihu huɗu da aljihu ɗaya

A kasuwar hayar Samaru, abin da ake saye da farko shi ne kusanci. Ɗakin da ɗalibi zai fito daga cikinsa ya taka da ƙafa zuwa ƙofar jami'a ya fi wanda sai an hau acaba ko keke daraja, ko da na nesan ya fi shi kyau da faɗi. Cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023 ya ƙara wa kusanci tsada. Litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin kwanaki, ta kuma wuce 1,000 a ƙarshen 2024. Duk ƙarin da aka yi a kuɗin abin hawa, mai gidan da ke bakin ƙofar jami'a yana iya mayar da wani kaso nasa kuɗin haya, domin ɗalibi zai yi lissafi ya ga cewa gara ya biya ƙarin sau ɗaya da ya riƙa biyan ɗan acaba safe da yamma.

Bayan kusanci sai ruwa. Jami'a tana da dam ɗinta a kogin Kubanni, amma a cikin gari gidan da ke da rijiyar burtsatse da tanki daban yake da wanda mazaunansa ke jiran 'yan garuwa, musamman da bazara lokacin da rijiyoyi ke ƙafewa. Sai wuta: gidan da kowane ɗaki ke da mitarsa ya tsira daga rigimar raba kuɗin wuta a ƙarshen wata, kuma ana biyan kuɗin wannan kwanciyar hankali a cikin haya.

Na huɗu, wanda bai da wannan nauyi shekaru goma sha biyar da suka wuce, shi ne tsaro. Harin da 'yan bindiga suka kai Kwalejin Nuhu Bamalli a watan Yunin 2021, da sace ɗalibai mata na Jami'ar Tarayya ta Gusau daga gidajen haya a Sabon Gida a Satumban 2023, da makamancinsa a Dutsin-Ma a watan da ya biyo baya, sun koya wa iyaye cewa ɗaki mai araha a bakin daji ba araha ba ne. Uban da ke da 'ya mace zai biya ƙari don gida mai katanga da ƙofar ƙarfe da maigadi, a tsakiyar mutane. Wannan ya rage faɗin yankin da ɗalibai ke yarda su zauna, a daidai lokacin da iyalai daga ƙauyukan Giwa da Birnin Gwari ke shigowa Zariya neman mafaka, su ma suna neman ɗaki.

Amma abin da ya fi yi wa ɗan gari illa wani abu ne da ba a cika faɗa ba. Ɗalibai sun fi magidanci talauci ɗaya-ɗaya, sai dai a haɗe sun fi shi ƙarfin biya. Ɗaki guda da ɗalibai huɗu suka haɗa kuɗi suka kama, aljihun iyaye huɗu ne ke biyansa, wataƙila daga Kano da Lakwaja da Yola da Abuja. Magidanci mai mata da 'ya'ya uku da ke son wannan ɗakin, aljihu ɗaya ne gare shi, kuma idan ƙaramin ma'aikacin jihar Kaduna ne, yana iya kasancewa a kan mafi ƙarancin albashi na naira 72,000 da jihar ta amince da shi a 2024. Mai gida ba ya buƙatar karatun tattalin arziki kafin ya gane wanda zai bai wa.

Daga nan ne fasalin gine-ginen garin ya fara sauyawa. Gidan da a da iyali biyu ko uku ke haya, sai a yanyanka shi zuwa ƙananan ɗakuna masu banɗaki a ciki, a manna tayil, a rubuta suna a bakin ƙofa, ya zama masaukin ɗalibai. Filin tsakar gida da yara ke wasa a cikinsa ya koma ɗakuna biyu. Kowane irin wannan sauyi yana ƙara ɗakin ɗalibi, yana kuma rage gidan iyali, don haka hayar ciki da falo ke tashi har a unguwannin da ɗalibai ba sa zama. Ma'auratan da aka tura gaba su koma Hayin Dogo ta ciki ko Bomo ko Basawa, su ma su ɗaga wa waɗanda suka tarar a can.

Kuɗin shekara a dunƙule

Da a ce wata-wata ake biya, da rabin kukan ya ragu. Al'adar kasuwar haya a Najeriya ita ce a biya shekara guda gaba, wani lokaci biyu, kafin a karɓi makulli. Masu gidaje suna da hujjarsu. Fitar da ɗan hayar da ya ƙi biya ta hanyar kotu yana cin watanni. Babu wani kundi da mai gida zai duba ya san ko baƙon da ke gabansa mai cika alkawari ne. Sannan da yawan masu gidajen Samaru ba attajirai ba ne: akwai tsofaffin ma'aikatan jami'a da suka zuba kuɗin sallamarsu a bulo, da zawarawa, da magada da ke raba kuɗin haya a tsakaninsu. A wurinsu kuɗin shekara shi ne jarin da za a rufa kwanon ɗaki na gaba ko a yi hidimar aure.

Duk da haka, tsarin yana juye dukkan haɗari a kan ɗan haya. A lokacin hauhawar farashi, wanda ya biya shekara gaba ya ba mai gida rance ne marar riba. A watan Disamban 2024 hauhawar farashi a Najeriya ta kai kashi 34.8 cikin 100 a ƙididdigar Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa. A irin wannan yanayi, bambancin darajar kuɗi tsakanin biya a dunƙule da biya wata-wata ya haura kashi 10 cikin 100 na hayar, kuma ba ya bayyana a kowace rasit.

Ga ɗalibi akwai haɗari na biyu, wanda magidanci ba shi da shi: kalandar jami'a. Hayar tana bin watannin shekara, karatu kuma yana bin yadda gwamnati da ƙungiyar malaman jami'o'i ta ASUU suka kwana. A 2020 yajin aikin ƙungiyar ya ɗauki wata tara, daga Maris zuwa Disamba, ya haɗu da kullen korona. A 2022 an sake rufe azuzuwa daga 14 ga Fabrairu zuwa 14 ga Oktoba, wata takwas cur. Ɗalibin da ya biya haya a watan Janairun wannan shekara ya kulle katifarsa da tukunyarsa a ɗaki, ya koma gida, ya dawo ya tarar saura wata biyu ko uku kuɗinsa ya ƙare, alhali shekarar karatun ba ta yi nisa ba. Digirin shekara huɗu ya ci hayar shekara biyar ko shida. An yi ta muhawara a kan albashin malamai na watannin yajin aiki, amma hayar ɗalibai ta waɗannan watanni ba ta kasance cikin abin da aka zauna a kansa ba.

Masu gidaje ma sun ji jiki a waɗancan watanni, domin ɗakin da hayarsa ta ƙare a tsakiyar yajin aiki ya zauna babu mai sabuntawa, kamar yadda masu shaguna da masu abinci da 'yan acaba suka ji. Sai dai bayan an koma, jami'o'i da dama sun tarar da ɗalibai na shekara biyu suna jiran shiga, waɗanda ya kamata su fita kuma ba su fita ba. Buƙata ta cunkushe a lokaci guda, kuma wanda ya yi asarar wata takwas ya sami damar fanshewa.

A kan kuɗin shekarar kuma akwai 'yan rakiya. Akwai la'adar dillali, wadda aka saba yanka ta kashi 10 cikin 100, da kuɗin rubuta yarjejeniya, da kuɗin ajiya na ɓarna wanda dawo da shi kan zama wani aiki. Tsarin la'adar kansa yana da karkata. Ɗan haya ne ke biyan dillali, amma mai gida dillalin ke yi wa aiki. Kuma tunda kaso yake karɓa, tashin haya riba ce gare shi, haka ma sauyin ɗan haya. A garin da kashi mai yawa na 'yan haya ke tafiya duk shekara, dillali ba shi da dalilin roƙa wa tsohon ɗan haya sassauci.

Me ya sa ba a gina ƙari ba?

A ƙa'ida, tsadar haya ya kamata ta jawo masu gini har farashi ya lafa. Ana ginin, duk wanda ya zaga bayan Samaru zai gani, amma a hankali, bulo-bulo. Dalili na farko tsadar kaya ce. Bayan sakin naira a watan Yunin 2023, dalar da hukuma ke sayarwa wajen naira 460 ta haura 1,500 a 2024, kuma rodi da kwano da tayil da wayar wuta suka bi ta. Buhun siminti da ake saye wajen naira 5,000 a ƙarshen 2023 ya haura 10,000 a wurare da dama a watan Fabrairun 2024, har sai da gwamnatin tarayya ta kira kamfanonin siminti taro aka amince da farashin 7,000 zuwa 8,000. Gadon da ya ci naira 555,000 a 2019 ba zai ginu da ninkin wannan kuɗi ba a yau.

Wani zai ce ai tsohon gida ba da sabon siminti aka gina shi ba, don me hayarsa za ta tashi? Tambaya ce mai kyau, kuma amsarta ba ta da daɗi. Muddin sabon gini ya yi tsada, tsohon ba shi da abokin gasa. Ƙari a kan haka, mai gidan da ke cin abinci daga haya shi ma kasuwar Samaru yake zuwa awo.

Dalili na biyu shi ne bashi. Babban Bankin Najeriya ya ɗaga ma'aunin kuɗin ruwa daga kashi 18.75 cikin 100 a tsakiyar 2023 zuwa 27.5 a Nuwamban 2024, kuma bankunan kasuwanci sama da haka suke bayarwa. Babu gidan hayar ɗalibai da zai iya biyan irin wannan ruwa. Ko da ruwan ya sauka, da yawan masu filaye a Zariya ba za su taɓa bashi mai ruwa ba saboda addini. Wanda ya yarda kuma zai ci karo da takarda: Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta danƙa filaye a hannun gwamna, kuma jinginar da fili ga banki sai da takardar mallaka da amincewarsa. Gidan gado da magada goma ke da haƙƙi a cikinsa, wanda shaidarsa ita ce takardar mai unguwa, ba zai samo ko sisi daga banki ba. Saboda haka gini ya dogara da abin da mutum ya tara, da kuma hayar shekara da ya karɓa gaba. A taƙaice, ɗaliban bana ne ke biyan kuɗin ginin ɗakin ɗaliban baɗi.

Abin da doka da gwamnati suka taɓo

Asusun Lamunin Ilimi na Najeriya, NELFUND, wanda ya buɗe shafinsa a watan Mayun 2024 bayan Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a sabuwar dokarsa a Afrilu, yana biyan kuɗin makaranta kai tsaye ga jami'a, yana kuma ba ɗalibi naira 20,000 a wata don ɗawainiya. Taimako ne na gaske ga wanda ya samu. Amma kuɗin wata-wata yake zuwa, mai gida kuma a dunƙule yake so, a farkon shekara, a makon da ake biyan kuɗin rajista. Akwai kuma abin lura: idan aka ƙara wa ɗalibai kuɗi a hannu ba a ƙara ɗaki ba, wani kaso na lamunin zai ƙare a hannun masu gidaje, ɗalibin kuma shi zai biya bashin bayan hidimar ƙasa.

Sabuwar dokar haraji da aka sa wa hannu a watan Yunin 2025 ta tanadi rangwame ga 'yan haya: ana cire kashi 20 cikin 100 na hayar shekara, har zuwa naira 500,000, daga kuɗin shigar da za a yanka wa haraji. Wannan zai amfani malamin jami'a da ma'aikacin asibiti. Ɗalibin da ba shi da albashi, da ƙaramin ma'aikacin da dama dokar ta yafe wa haraji, ba su da abin da za a rage masu.

Batun ƙayyade kuɗin gaba kuwa an gwada shi a wurare. Dokar haya ta jihar Legas ta 2011 ta haramta karɓar fiye da shekara guda daga sabon ɗan haya. A 2022 Sanata Smart Adeyemi ya gabatar da ƙudurin da zai mayar da biyan haya wata-wata a Abuja bayan kafin-alƙalami na wata uku. Ya tsallake karatu na biyu a Majalisar Dattawa, bai zama doka ba. Ghana tana da doka tun 1963 da ta hana karɓar fiye da wata shida gaba, amma a Accra da Kumasi har yau ana neman shekara biyu, kuma masu neman ɗaki suna biya. Inda mutum goma ke layi a kan ɗaki ɗaya, wanda ya ce zai kai ƙara shi ne zai kwana a waje. Doka tana iya gyara yadda ake biya, amma ba ta haifar da ɗaki.

Wannan ba ya nufin ɗan haya ba shi da kariya. A tsarin shari'ar mafi yawan jihohin Najeriya, idan yarjejeniya ba ta faɗi wani abu daban ba, ɗan hayar shekara yana da haƙƙin sanarwar wata shida kafin a tashe shi, na wata-wata kuma sanarwar wata guda, sannan a biyo da sanarwar kwana bakwai kafin a tafi kotu. Mai gida ba shi da ikon cire kwano ko ƙofa ko watsar da kayan ɗan haya da hannunsa. Inda ɗalibai ke faɗawa rami shi ne yarjejeniya mai ƙayyadadden wa'adi: idan takarda ta ce haya ta shekara ɗaya ce daga rana kaza zuwa rana kaza, to da cikar ranar ta ƙare da kanta, babu batun wata shida. Wanda kuma ya biya ba rasit, ba takarda, sai shaidar dillali, ya bar hujjarsa a hannun wanda ba nasa ba.

Dokar haya hurumin jiha ce, don haka Majalisar Dokokin jihar Kaduna ce ke da ikon ƙayyade la'ada, ko tilasta rasit, ko tanadar yadda za a yi da hayar ɗalibi idan an rufe jami'a. Dalilin da ya sa irin wannan magana ba ta cika tasowa a lokacin zaɓe ba a bayyane yake. Ɗalibai suna da yawa amma baƙi ne. Da yawansu katin zaɓensu na wata jiha ne, kuma bayan shekara huɗu sun tafi. Mai gida yana nan, ya san kansila, ya san mai unguwa, a masallaci ɗaya suke sallah. Waɗanda ke da ƙuri'a kuma tsadar ke cinsu, wato matasan gari masu shirin aure da ƙananan ma'aikata, sukan ga ɗaliban a matsayin waɗanda suka ɓata kasuwa, maimakon abokan kuka. Majalisar Wakilan Ɗalibai ta jami'ar tana da abin da za ta iya yi ba tare da jiran kowa ba, wato tattara abin da ake biya a kowane layi tana wallafawa kafin rajista, domin rabin ƙarfin dillali yana cikin cewa sabon ɗalibi da mahaifinsa ba su san farashin bara ba.

Babban maɓallin dai yana Abuja da kuma cikin harabar jami'ar. Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa ce ke ƙayyade adadin ɗaliban da kowace jami'a za ta ɗauka, kuma ma'auninta ya fi karkata ga malamai da azuzuwa da ɗakunan gwaji da na karatu. Da za a ɗaure duk wani ƙarin gurbi da ƙarin gado, da lissafin ya koma kan wanda ke yanke hukuncin. Jami'ar Ahmadu Bello kuma tana da abin da ɗan kasuwar Samaru ba shi da shi, wato fili: kimanin hekta 7,000, mai takarda, cikin tsaro, kusa da ruwan Kubanni. Tsarin da ɗan kasuwa zai gina a filin jami'a, ya karɓi haya na wasu shekaru, sannan ya miƙa ginin, shi ne aka yi ta ambata tun zamanin Obasanjo. Inda yake cijewa shi ne farashi: mai zuba jari yana son hayar da za ta mayar masa da kuɗin siminti na yau, jami'a kuma tana tsoron ranar da za a ga gado biyu a haraba ɗaya, ɗaya na masu hali, ɗaya na sauran. Yana kuma son tabbacin cewa ba za a rufe makarantar wata takwas ba, tabbacin da babu shugaban jami'a a Najeriya da zai iya sa hannu a kansa.